Kiwon Sha'awa: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Shan Wahala?

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano, ko ya fita ta Gwarzo, ko ya ratsa bayan garin Katsina da Maraɗi, zai ga wani irin gini da ya yawaita a 'yan shekarun nan: fili kamar fuloti huɗu ko biyar an zagaye shi da katanga, ɗakin mai gadi a bakin ƙofa, rumfar kwano jingine da bango, tankin ruwa a sama, daga ciki kuma ana jiyo kukan raguna da carar zakara. Gidan gona ke nan. Masu shi galibi ba makiyaya ba ne, ba kuma manoman gado ba. Ma'aikatan gwamnati ne da ritaya ta ƙarato musu, da malaman makaranta, da 'yan kasuwar Kwari da Singa, da likitoci. Wanda ƙarfinsa bai kai ga fili ba sai ya yanki wani lungu a cikin gidansa, ya kafa turke biyu, ya gina akurki. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba da dabbar suke ci ba. Albashi ko shago ne ke ciyar da su, har da dabbobin.

A kan wannan kiwo mutane suka rabu gida biyu, kuma gardamar ba ta ƙarewa a majalisar unguwa, balle idan Babbar Sallah ta matso. Wasu na ganin a wannan zamani babu ajiyar da ta kai dabba, ga natsuwa, ga tarbiyyar yara. Wasu na cewa mai shi yana yaudarar kansa ne da sunan riba, albashinsa yana zurarewa, wahalar kuma tana kan wasu. Na tashi a gidan da ba a taɓa rasa akuya a turke ba, don haka ina da inda na karkata. Amma kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya da ɗayan ba ya son ji.

Hujjar farko ta masu goyon baya ta kuɗi ce, kuma tana da ƙarfi. Kafin a cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Shekara ba ta zagayo ba sai da ta haura 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wanda ya bar kuɗinsa a banki a tsakanin nan ya dawo ya tarar da lambar tana nan yadda ya bar ta, amma abin da za ta saya ya zaftare. Wanda ya mayar da nasa tunkiya ya tarar farashinta ya bi kasuwa ya hau, wataƙila ma da ɗa a bayanta. Ga shi kuma dabba ba ta da wuyar mayarwa kuɗi. Ranar Alhamis Maigatari na ci, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta, Laraba Potiskum, kuma in abin na gaggawa ne mahaucin unguwa yana nan.

Mata sun riga maza gane wannan da daɗewa. A yawancin gidajen ƙasar Hausa awaki da tumaki na mata ne. Da kuɗin ƙuliƙuli ko na adashe mace za ta sayi 'yar akuya, ita ce kuma za ta zama kuɗin asibiti ranar da yaro ya kwanta, ko kwanukan jeren 'yarta idan aure ya zo. Allah kuma ya hore mana irin da ya dace da wannan aiki. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, cikinta wata biyar ne, tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinta, kuma idan ta samu kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Fatarta ce fatake suka riƙa ratsa hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Mai akuya biyu irin wannan, in rai da lafiya, ba ya daɗewa bai zama mai shida ba.

Sai hidimomin da babu makawa a kansu. Ragon suna yana jiran magidanci ranar bakwai da haihuwa, na layya yana jiransa ranar goma ga Zulhajji, kuma kowa ya san yadda kara take komawa a makon ƙarshe: dillali ya faɗi kuɗi ya kau da kai. A Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi daga ƙasarta gabanin Sallah, kasuwannin kan iyaka suka ji a jikinsu. Wanda ragonsa ke ɗaure a gida bai shiga wannan fargabar ba. Masu goyon baya sukan ce ko da wannan kwanciyar hankali kaɗai aka samu, kiwon ya biya.

Masu suka ba sa musun ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da suke cewa shi ne a kawo biro da takarda. Rago mai nauyin kilo 40 yana buƙatar busasshen abinci wajen kilo ɗaya da rabi a kullum. A shekara ya haura rabin tan ke nan, tsakanin harawa da dusa da kowa da ɗan abin da ake ƙara masa na gina jiki, irin su angurya ko ƙuliƙuli. Kaji ma haka. Kazar gidan gona mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji ɗari suna tashi da buhu mai kilo 25 cikin kwana biyu, kuma sai sun kai wata huɗu da rabi ko biyar suna ci kafin a ga ƙwan farko. Masu sana'ar sun san abinci kaɗai ke cinye kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin kiwon kaji. Da masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabo a 2023 da 2024, gonakin kaji da yawa sun rufe, alhali masu su da lissafi suke aiki kuma a kan sari suke saye. To ina ga wanda ke sayen kwano-kwano a kanti?

Akwai kuma wani abu da kalanda ta jawo wanda masu turka rago a yanzu suke fama da shi. Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 tsakiyar Yuni ta faɗo, a 2025 farkon Yuni. Ma'ana a waɗannan shekaru watanni ukun da ake ƙosar da rago sun koma Maris zuwa Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da daji ya bushe, rumbu ya yi ƙasa, damin harawa ya ninka kuɗinsa na kaka, zafi kuma ya hana dabba ci sosai. Wanda bai tara harawarsa a kan rufi tun Nuwamba ba, a hannun wanda ya tara zai saya, kuma can ribar ragonsa za ta tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne, a ganina, masu suka suka taɓo jijiyar maganar, ko da yake ba kullum suke bin ta har ƙarshe ba. Akuyar Inna ta ƙauye tana da riba ne saboda kusan babu abin da ake saya mata. Dusa daga surfen gida take fitowa, ƙasari daga wankin gero, harawa daga gonar maigida, karmami da ciyawa yara ke yankowa da damina, 'ya'yan gawo kuma suna zubowa da rani daidai lokacin da babu komai. Kashinta ya koma gona ya zama taki, takin ya fitar da wake da gyaɗa, su kuma su bar harawa. Michael Mortimore, masanin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, yana mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu a ƙasa mai cunkoso haka kuma ba ta mutu ba. Babban sirrin da ya gano shi ne wannan zagaye: dabba a turke, taki a mangala, jaki yana kai shi gona, har daga cikin birni. Mai kiwon sha'awa ya ɗauko dabbar ya bar zagayen. Abincinta da kuɗi, ruwanta da kuɗi, mai share mata da kuɗi, takin kuma in bai samu mai kwasa ba ya zame masa shara. Dabba ɗaya ce, amma lissafin biyu ne, kuma kuskure ne babba a auna na birni da ma'aunin na ƙauye.

Masu goyon baya idan an kai su bango a kan lissafi sukan juya su ce dama ba duk abu ake aunawa da naira ba. Wannan ba gudun magana ba ne, domin wanda ya taɓa yin kiwo da hannunsa ya san abin da suke nufi. Ranar mai kiwo tana farawa ne da dawowarsa daga sallar Asuba. Tun kafin ya taɓa ƙyaure tumaki sun gane takunsa sun fara kuka. Zai share kashin jiya ya tara a kusurwa, ya zubar da ruwan da ya kwana, ya wanke baho, ya dama dusa, ya barbaɗa ɗan gishiri ko kanwa. Sai ya ja baya ya tsaya yana kallo. Wannan tsayuwar ta 'yan mintoci ita ce rabin kiwon. Wace ce ba ta taso da sauri ba? Wane ne ya ware gefe, kunnuwa a sake, hanci da majina? Kashin ƙwaya-ƙwaya ya fito ko ya tsinke? Da hantsi idan sun ƙoshi sun kwanta, wanda ba ya tuƙa akwai abin da ke damunsa. Ya buɗe akurki ya ƙirga 'yan tsaki, saboda shirwa da muzuru ba sa hutu. Ya shafa bayan kunne da ƙarƙashin wutsiya ko akwai kaska. Da yamma a sake wani zagayen, da magariba a tabbatar kowa ya shiga, an sa sakata.

Ka ɗauki mutumin da ya yi shekara 35 yana fita aiki kowace safiya, rana ɗaya aka ba shi takardar sallama. Da yawa daga cikin irinsu zaman banza ne ke kayar da su kafin ciwo. Wanda yake da bakuna goma suna jiransa da asuba yana da dalilin tashi, yana sunkuyawa, yana ɗaukar bokiti, yana da abin tattaunawa da maƙwabci ban da siyasa. Yara ma haka. Yaron da ya ga akuya ta haihu, ta lashe ɗanta, ɗan ya miƙe yana tangaɗi yana neman nono, ya koyi abin da waya ba za ta koya masa ba. Wanda aka ce wannan kazar taka ce, ya ƙirga mata kwana ashirin da ɗaya tana kwanci, ya san haƙuri ta hanyar da wa'azi ba ya kaiwa. Malamai sukan tunatar cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba, kuma hikimar a fili take: mai kula da abin da ba ya iya faɗin ciwonsa dole ya koyi lura da tausayi. Wannan hujja ina karɓarta hannu biyu.

Sai dai daga cikinta ne suka ta biyu take fitowa. Dabba ba ta san Juma'a ba, ba ta san Sallah ba, ba ta san an yi rasuwa a garinku za ka yi kwana uku ba. Sannan shaƙuwar da ake yabo ita ce ke rushe lissafin da aka fara da shi. Masu turke na sana'a wata uku ko huɗu suke riƙe rago, domin sun san bayan nan cinsa yana nan amma ƙarin namansa ya ragu. Mai sha'awa yakan riƙe balami ko uda shekara biyu, ya raɗa masa suna, yana yi masa wanka da sabulu, baƙi suna zuwa gani. Ranar Sallah yara su rungume wuyansa suna kuka, wani magidancin har ya haƙura ya fita ya sayo wani. Ba laifi ba ne mutum ya so dabbarsa haka. Masu doki da masu tantabara sun daɗe suna kashe kuɗi a kan abin da suke ƙauna, babu kuma wanda ya ce su kawo riba. Laifin shi ne a kira wannan jari, har a ci bashi ko a zuba kuɗin sallama a ciki da tsammanin zai riƙe gida.

Cuta kuwa ita ce makamin masu suka mafi kaifi, kuma kusan kowane mai kiwo yana da labarinta. Da hunturu annobar kaji da likitoci ke kira Newcastle tana iya share akurki cikin mako guda: kaza ta yi tsuru, fikafikai a ƙasa, kashi kore, wuya ya murɗe. Awaki da tumaki suna da tasu, cutar PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda idan ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba takan kwashe mafi yawansa. Mafi yawan lokuta sabuwar dabba ce daga kara take shigo da ita. Wasu cututtukan ma ba sa tsayawa a kan dabba. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A Yulin 2023 ciwon saifa ya ɓulla a wata gona kusa da Suleja, kuma shi ne ciwon da ake hana yanka dabbar da ya kama ko taɓa jininta. Ciwon bakkale yana bin ɗanyen nono ya shiga mutum. Masu suka suna tambaya: don me mutum zai kwana da wannan haɗari a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe?

Amsar masu goyon baya ita ce duk waɗannan suna da rigakafi, kuma gaskiya ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, tana yin allurar PPR da ta saifa da maganin rigakafin annobar kaji, har da wani nau'i mai jure zafi da aka yi domin kajin ƙauye. Allurar PPR guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Duniya ta taɓa ganin ƙarshen bushiya, annobar da ta sha ƙarar da shanun Fulani, aka ayyana an kawar da ita a 2011, kuma an sa 2030 a matsayin wa'adin raba duniya da PPR. Killace sabuwar dabba mako biyu ko uku kafin a haɗa ta da sauran ba ya cin ko sisi. Amma a nan ma ƙaramin mai kiwo yana da matsalar da babba ba shi da ita. Kwalbar rigakafi ta dabbobi da yawa ce, tana son sanyi, kuma da an buɗe ta dole a ƙarar da ita nan take. Mai akuya biyar ba zai sayi kwalba don kansa ba sai in unguwa ta haɗa kai an kira malamin dabbobi rana ɗaya. Inda ba a yi haka ba, abin da ke faruwa shi ne a jira dabba ta kwanta, a sayo allura a kasuwa, a soka ba awo, in ta ƙi tashi a yanka a ci naman da maganin bai gama fita daga cikinsa ba. An kafa wa kiwo ma'aikatar tarayya ta kansa a 2024, kuma in har za ta taɓa rayuwar mai turke biyu, to ta nan za ta fara, da malamin dabbobi da akwatin ƙanƙara a kowace mazaɓa.

Abin da ya fi damuna a duk muhawarar nan, kuma aka fi yi masa shiru, shi ne wanda ke yin aikin. Duk alherin da masu goyon baya suka lissafa, motsa jiki da natsuwa da lura da tausayi, na wanda ya riƙe tsintsiya ne. Amma a gidajen gona da yawa mai shi ranar Asabar kawai yake zuwa. Sauran kwanakin wani matashi ne daga ƙauye, ko almajiri da ya tasa, yake kwana a ɗakin bakin ƙofa a kan albashin da bai kai kuɗin dusar wata ba. Wayar da ke tsakaninsu kusan iri ɗaya ce ko'ina.

"Alhaji, ranka ya daɗe, balamin nan tun jiya bai taɓa dusa ba, cikinsa kuma ya ɗaga."

"To, je ka kantin magani ka karɓo allura ka yi masa. Zan shigo Asabar."

Ragon da aka ɗura wa hatsi ko ragowar tuwon biki fiye da ƙima har cikinsa ya kumbura ba ya jiran Asabar. Idan ya mutu yaron ne zai sha faɗa, a zarge shi da sakaci ko da sayar da abinci. Idan ya rayu ya yi kuɗi, babu kasonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A cikin gida ma haka abin yake idan maigida ya sayo raguna ya ɗaure ya fita aiki: uwargida ce za ta yini da ƙuda da wari, yara ne za su yi shara kafin su tafi makaranta, ranar ciniki kuma kuɗi ya wuce aljihun da bai san ɗaukar bokiti ba. Wannan daban yake da akuyar da mace ta saya da kuɗinta, take wahalarta, take kuma cin moriyarta. A wannan gaɓa ina tare da masu suka ɗari bisa ɗari.

Maƙwabci ma yana da haƙƙi. A ƙauye da zarar an yi shuka mai gari yakan sa a yi shela a ɗaure dabbobi, ba a sakinsu sai an kawar da amfanin gona, kuma a fikihun Malikiyya ɓarnar da dabba ta yi da dare mai ita ne ke biya. A birni wannan tsari ya ɓace. Mutum zai saki awakinsa da safe su bi kwararo, su ci shukar wani, su ture tiren mai talla, su ƙare a bola. Dabbar ita ma ana zaluntarta. Duk mahauci ya san abin da ake cirowa daga tumbin akuyar gari: dunƙulen leda a cure. Irin wannan akuya tana ci tana ramewa har ta mutu. An ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda mage da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wanda ya ɗaure rago a rana babu inuwa babu ruwa ya tafi ofis, ko ya saki akuya ta rayu da bola, ya kamata wannan ruwaya ta hana shi barci.

Tsaro ba ya buƙatar dogon bayani. Gidajen gona da dama a hanyar Abuja zuwa Kaduna da yankin Birnin Gwari sun zama kufai saboda masu su ba sa iya zuwa, kuma a 2021 har kasuwannin dabbobi aka rufe a Zamfara da wasu sassan Katsina. Ko a cikin gari, makon Sallah ɓarayin raguna ba sa barci, mai rago ma haka.

Da na auna duka, ina nan a ɓangaren masu kiwo, amma kiwon da nake karewa ƙarami ne, kuma a kusa da hannu. Adadinsa kada ya wuce abin da mai shi zai iya dubawa ɗaya bayan ɗaya kowace safiya, ya kuma iya ciyarwa a watan Afrilu ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba. Gara a fara da abin da ƙasar ta sani, 'yankasa da jar akuya da kajin gida da zabi, kafin a kai ga manyan raguna na gani a faɗa ko shanun madara da ke son ruwa da sanyin da ba mu da su. Mai son kajin ƙwai yana da ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar domin yanayinmu. Idan akwai fili, ko fuloti ɗaya ne, a shuka wake da gyaɗa a cikinsa, takin ya samu wurin zuwa, harawa ta samu wurin fitowa, a maido da ɗan abin da ya samu na zagayen nan da ya riƙe ƙauyukan Kano. A kuma riƙe littafi, a rubuta kowane dami da kowane buhu, domin a ƙarshen shekara mutum ya san ko ajiya yake yi ko nishaɗi yake saye. Duka biyun halal ne, amma ba kasafin kuɗi ɗaya suke so ba.

Wanda kuma aiki ba zai bar shi ya riƙe tsintsiyar da kansa ba, ba sai ya haƙura da kiwo ba, domin magabata sun bar mana hanya. Hausawa sun daɗe suna ba da kiwo: ka kai wa 'yar'uwa ko aminiya a ƙauye tunkiya, ta riƙe ta da dusarta da harawarta, a raba 'ya'ya bisa yadda aka shirya tun farko. Fulani suna da haɓɓanaye, inda mai shanu zai ba wanda ba shi da su aron karsana, ta haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, sannan uwar ta koma gida. A Nijar ƙungiyoyin mata sun ɗauki wannan tsari suna zagaya awaki a tsakaninsu. Babu abin da ya hana mai gidan gona ya yi wa yaronsa haka: albashi mai kyau a kan lokaci, sannan a ce masa duk haihuwa ta uku ɗan nasa ne, ko a ware masa rago ɗaya cikin na Sallah. Yaron da yake da tunkiya a cikin garken ba sai an kira shi a waya an tambaye shi ko ya ba su ruwa ba, kuma bayan 'yan shekaru zai koma garinsu da abin da zai kafa nasa turken ya yi aure.